Tambaya da Amsa: In bar WhatsApp in koma Slack ko Teams?

Tambaya: Ina sana'ar albasa da tumatir a kasuwar Mile 12 a Legas. Ina da yara 12, ban da direbobin da ke ɗauko mini kaya daga Arewa, kuma duk harkarmu a WhatsApp muke yi. Ɗan yayana da ya gama jami'a ya dage sai mu koma Slack ko Microsoft Teams. Yana da gaskiya?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ka zauna a WhatsApp tukuna. An ƙera Slack da Teams ne domin ma'aikatan da ke wuni gaban kwamfuta suna musayar takardu. Direban da ya tsaya a Jebba da tsakar dare, cajin wayarsa ya kusa ƙarewa, saƙon murya zai turo maka da Hausa a wuce wurin. In ka tilasta masa wata manhaja, kiranka kawai zai riƙa yi.

Ga batun kuɗi kuma. Slack kan kowane mutum ake biya duk wata, da dala, ka kuwa san yadda naira ta koma tun 2023. Slack na kyauta kuwa saƙonnin kwana 90 kaɗai yake nuna maka, alhali mai ba da kaya bashi yakan nemi maganar da aka yi wata huɗu baya.

Sai dai ɗan yayan naka ya hango wani abu, kuma shi ne ya fi damuna. Lambobin kwastomominka a wayar wa suke? In a wayar yaranka ne, ranar da ɗaya ya bar ka ya tafi da su, har da hoton rasit da alƙawarin biya. A Teams mai kamfani ne ke riƙe da asusun kowa: ya rufe na wanda ya tafi, bayanai su zauna.

Kana iya toshe wannan ɓarakar ba tare da ka biya Slack ko Teams ko sisi ba. Sayi layi na shago, ka yi masa rajista da NIN ɗinka, ka ɗora masa WhatsApp Business. Ana iya haɗa shi da wasu na'urori har huɗu, don haka yaran da ka amince da su za su amsa wa kwastoma da lambarka. Ka sa masa lambar sirri ta mataki biyu, wato lambar da WhatsApp ke nema kafin a ɗora layin a wata waya, kada ka faɗa wa kowa. Ka ware zauren direbobi daban, na kuɗi daban, gaisuwar Juma'a ta tafi wani zauren. Bashi kuwa a rubuta shi a littafi, domin laluben adadi cikin saƙonnin murya wahala ce.

Ranar da ka buɗe ofis da akawu, kana kai wa otal-otal kaya bisa kwangila a rubuce, to a sa ma'aikatan ofishin a Teams, tunda yana tafiya da Word da Excel. Ɗan yayan naka ya kula da wannan ɓangaren.