Kujera da gado masu inji: me suke yi wa ciwon baya?

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: ciwon baya, da kujeru ko gadajen nan da ake danna maɓalli su tokare wa mutum ƙugu. Na zaɓi shida, na rage tsawon wasu.

Assalamu alaikum likita. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kano da Abuja. Motar da maigidana ya ba ni akwai wani maɓalli a gefen kujera, in na danna sai in ji wani abu ya kumburo ya tokare min baya. Na danna shi har ƙarshe don in samu sauƙi, amma tun daga nan in na sauko da ƙyar nake miƙewa. Ko abin cutarwa ne? — Direba, daga Kano

Wa alaikumus salam. Malam, abin ba shi da laifi, yawa ka yi masa. Gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya yake.

Ka sa hannu a bayanka daidai inda tazugen wando ke zama, ka ɗan matsa sama. Za ka ji wurin ya lotsa ciki. Ƙasusuwa biyar ne a nan, ɗaya bisa ɗaya, tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi da ke shanye jijjiga. Haka Allah ya halicci wurin, da ɗan lanƙwasa. Da zarar mutum ya zauna ya saki jiki, ƙugu ya mirgina baya, lanƙwasar ta baje, nauyi ya koma kan fayafayan da jijiyoyin da ke riƙe da su. Awa ɗaya ba komai ba ne. Awa shida a kan hanya mai ramuka, yau da gobe, shi ne jiki ke fara kuka.

Na taɓa tsayawa wajen wani mai ɗinkin kujerun mota, ya farke bayan wata kujera a gabana. Abin da ke ciki bai kai yadda ake zato ba: wani faranti mai lanƙwasuwa, da ɗan inji da bai wuce dunƙulen hannun yaro ba, da waya irin ta birkin keke. In ka danna, injin ya ja wayar, farantin ya tanƙwaro gaba kamar baka. Wasu motocin kuma jakar iska ce da ɗan famfo, shi ya sa ake jin siririyar ƙara kafin ta kumburo. In maɓallinka mai fuska huɗu ne, gaba da baya na ƙara kumburin ko rage shi, sama da ƙasa kuma na matsar da shi ya dace da tsawonka.

Gobe kafin ka tada mota, ka rage kumburin gaba ɗaya. Tura mazaunanka har ƙuryar kujera, matso da ita yadda za ka taka birki har ƙasa gwiwarka na ɗan lanƙwashe, majingina kuma ta ɗan kwanta baya kaɗan. Sannan ka riƙa ƙarawa sannu a hankali har ka ji ramin nan ya cike. Nan za ka tsaya. In kana jin sa kamar an sa maka dutse, ka wuce wurin. Cire walat daga aljihun baya, zama a kanta na karkatar da ƙugu.

Babban amfanin injin a wurina shi ne yana ba ka damar sauyawa. Bayan awa guda ka ɗan rage, can ka ɗan ƙara. Amma ba zai maye gurbin saukowa ba. Ka tsaya a Zariya, ka tsaya a Kaduna, ka taka ƙasa ko minti biyar ne. Fasinjoji za su yi guna-guni, su ba kullum suke hanyar ba.

Likita barka da aiki. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu ke nan, ni da ƙanwata ke jinyarsa. Yayanmu yana so ya sayo gadon asibiti na lantarki mai rimot, har da wurin tokare baya. Ni kuma wuta nake ji, sai mu kwana biyu ba a kawo ba. Me kake gani? — 'Yarsa, daga Gusau

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri. 'Yar'uwa, damuwarki tana kan hanya, kuma na fi son a yi ta kafin a biya kuɗi.

A ƙarƙashin irin wannan gado akwai sandunan turi, kowacce da injinta. Injin na juya wani dogon ƙarfe mai zare, irin na jak ɗin ɗaga mota, shi kuma ya tura sashen kai ko na ƙafa sama. Yawancinsu da wuta mai bolt 24 suke aiki, akwai akwatin da ke rage ta bango kafin ta isa gare su. Wutar kirki lokacin motsi kawai suke ci, don haka ƙaramar inbata ko sola na iya ɗaukarsu. Sai dai ƙarfen mai zare ba ya komawa da kansa. In aka ɗauke wuta Baba na zaune a ɗage, haka zai zauna har a dawo da ita. Saboda haka kafin yayanku ya ciro ko sisi, ya tambayi mai kaya: akwai batir a ciki, kuma yana riƙe caji? Akwai hannun da ake ja a sauke kan gadon da gaggawa ba da wuta ba? Ya sa a cire fulogi a gwada a gabansa, musamman in gadon na gwanjo ne. In babu ko ɗaya, gado mai hannun juyawa ya fi muku, kuma aikinsu ga majinyaci ɗaya ne. In kun ɗauki na lantarkin, a sa masa sitabilaiza, a kuma sani cewa injinan ba sa son dogon aiki. Da yawansu an rubuta a jiki: minti 2 aiki, minti 18 hutu.

Wurin tokare bayan nan da ake yi wa yayanku talla, shi ne abin da Baba ya fi ƙarancin buƙata. Abin da zai amfane shi ɗaga kai ne da ɗaga gwiwa, ku kuma gadon da ke hawa sama gaba ɗaya, don kada ku riƙa sunkuyo kuna juya shi har ku ma ku dawo min da ciwon baya. Na sha ganin haka, majinyaci na samun sauƙi, mai jinya na ɗingishi.

Ga yadda za ku yi da shi. In za a ba shi abinci, a ɗaga shi sosai ya zauna, a bar shi haka aƙalla rabin awa bayan ya gama, saboda masu wannan ciwo suna saurin ƙwarewa, abinci ya bi hanyar iska ya haifar da ciwon huhu. Sauran lokaci kada kan gadon ya wuce digiri 30, wato ɗan kishingiɗe. In ya fi haka jiki na zamewa ƙasa, fata ta tsaya a kan zanin gado, ƙashi na jan nama ta ciki, daga nan gyambon kwanciya ke farawa. Ku fara ɗaga gwiwa kafin kai, yana rage zamewar. Gado komai tsadarsa ba ya ɗauke muku juya shi duk bayan awa biyu. Kullum da safe lokacin wanka ku duba ƙarshen ƙashin baya, da kwatangwalo, da duga-dugai. In wuri ya sauya launi, ya yi duhu ko ja, ya yi zafi ko tauri, kada a ƙara kwantar da shi a kansa, a nuna wa ma'aikacin jinya.

Sai jikoki. Rimot a wurinsu abin wasa ne, ƙarƙashin gado kuma maɓoya. Injin da ke ɗaga babban mutum ba zai ji hannun yaro ba. A rataye rimot a sama, in yana da makulli a kulle.

Ina aiki a banki, ina wuni a gaban kwamfuta. Na ga tallar wata kujera mai inji da aka ce tana bin bayan mutum tana daidaita kanta, kuɗinta ya haura albashina na wata. In saya? — Ma'aikaci, daga Kaduna

Riƙe albashinka tukuna. Naɗe ƙaramin tawul ya kai kaurin yatsu uku, ɗaure shi da roba, sa shi a ramin bayanka na mako biyu. In ka ji sauƙi, ka san tokarin na yi maka, sai ka nemi kujera mai daidaitawa, ko ta hannu ce ta wadatar. In ba ka ji komai ba, inji ba zai ƙara maka komai ba, domin abin da tawul ke yi shi yake yi.

Kai da yawa kuke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a samun wata takamaimiyar cuta da ta jawo musu. A jagorar da ta fitar a Disamban 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, motsa jiki da ilimantar da mai ciwon ta sa a gaba, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu ko magunguna dangin tiramadol. Ka tashi duk rabin awa, ko tsayuwa ce ka yi kana amsa waya. Ɗaga allon kwamfutar ya zo daidai idonka. Da yamma ka yi tafiyar ƙasa ta minti talatin.

Likita, shekaruna 68. In na tsaya ko na yi tafiya sai ƙafafuna su yi nauyi su ɗau zafi, in na zauna ko na sunkuya kamar mai ruku'u sai ya lafa. Ɗana ya aiko min da kujerar tausa daga Dubai, amma in ta turo min baya ciwon ƙaruwa yake. — Hajiya, daga Damagaram

Hajiya, ina gaisuwa. Yadda kika kwatanta ya yi kama da tsukewar hanyar da jijiyoyi ke bi a cikin ƙashin baya, abin da shekaru kan kawo. Sunkuyawa na buɗe hanyar, gantsarewa na ƙara matse ta. Kujerar kuwa gantsarar da ke take yi, shi ya sa kike jin ta haka. Abin da ya yi wa direban can na sama daɗi ke zai iya zame miki wahala.

Ki kashe tokarin bayan da masu murzawar nan, ki kwantar da majingina, ki ɗaga ƙafafu. A haka kujerar za ta yi miki amfani, kyautar ɗanki ba ta tafi a banza ba. Murzawa mai ƙarfi ma ba na so ga mace mai shekarunki sai an tabbatar ƙashi bai yi rauni ba, don yakan iya tsagewa da ɗan abu kaɗan. Ki je a duba ki, a taɓa bugun jini a ƙafafunki, domin toshewar hanyoyin jini ma takan kawo ciwon ƙafa in ana tafiya. Daga nan a haɗa ki da masu gashin ƙashi.

Gaskiya ne kwana a ƙasa ko a katifa mai tauri kamar katako shi ne maganin ciwon baya? — Ɗaliba, daga Jos

Ba ga kowa ba. An yi gwaji a ƙasar Sifen da mutum 313, aka wallafa a mujallar Lancet a 2003. Waɗanda suka kwana 90 a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi masu mai tauri sosai samun sauƙi. In kin saba da tabarma kuma kina tashi lafiya, ci gaba. In katifarki ta yi rami a tsakiya, ita ce mai laifi.

Likita, wata uku ke nan bayana na ciwo, da dare ya fi tsanani, ina zazzaɓi da gumi, na rame har wando na zamewa. Ina shan haɗin da ake ba ni a kemis. Wani abokina ya ce in sayi gado mai inji mai ɗaga baya, har na fara tara kuɗi. Makon nan ƙafata ta dama ta fara sanyi. — Ɗan kasuwa, daga Haɗeja

Malam, ajiye maganar gado. Kuɗin da ka tara, na mota da na gwaji ne, kuma gobe nake so ka tafi, kada ka jira ranar kasuwa ta wuce.

Ciwon bayan da ke tada mutum daga barci, ga zazzaɓi, ga gumin dare, ga rama, ba na zama ko kwanciya ba ne. Abin da na fara tsoro shi ne ƙwayar tarin fuka ta kama ƙashin baya. Tana yin haka ko mutum ba ya tari, ta ci ƙashin har ya durƙushe ya danne laka. Akwai wasu cututtukan da ke zuwa da wannan kama, gwaji ne zai raba gardama. Sanyin da ƙafarka ta fara yana nuna jijiya ta soma matsuwa. In tarin fukan ne yana da magani, a asibitocin gwamnati kyauta ake ba da shi, ana sha watanni masu yawa ba fashi, kuma wanda ya zo da wuri yakan tashi da ƙafafunsa.

Ka dakatar da haɗin kemis ɗin. Sau da yawa akwai daikulofenak da danginsa a ciki, suna rufe ciwo, su bar mutum da gyambon ciki ko matsalar ƙoda. Ka tafi da ƙunshin a aljihu ka nuna wa likita. Kada ka bari a taka maka baya ko a ja shi, kada ka hau kujerar tausa, kada ka ɗauki kaya. Je babban asibiti mafi kusa ka faɗi duk abin da ka rubuto min, kada ka rage komai. In sun ga da buƙata za su tura ka Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In kuwa kafin gari ya waye ka ji fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafar ta ƙi ɗaukarka, a daren za a kai ka.