Ku Tambaye Mu: Ma'aikacin Gwamnati da Neman Tallafin Digiri na Biyu da na Uku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, ina mataki na 10. Na ji an ce a Ostireliya akwai tallafin ƙaro karatu na ma'aikatan gwamnati zalla, har da wanda aka ware wa 'yan asalin ƙasar. Yaya tsarin yake, kuma irina za ta iya nema? (Wata mai karatu daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika ji gaskiya ne, sai dai na ma'aikatan gwamnatin tarayyar Ostireliya ne kaɗai. Gidauniyar Sir Roland Wilson da ke Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya a birnin Kanbera ce ke kula da shi. Wilson shi ne babban sakataren Baitulmalin ƙasar daga 1951 zuwa 1966. Wanda ya dace yakan yi digirin digirgir a shekara uku, albashinsa na tafiya cif, a kan wata matsala da ta shafi manufofin gwamnati, sannan ya koma bakin aikinsa.

A 2018 aka ƙaro tallafin Pat Turner domin ma'aikata Aborijin da mutanen tsibiran Torres Strait, wato 'yan asalin ƙasar. Pat Turner 'yar Aborijin ce da ta kai manyan muƙamai a aikin gwamnati. Dalilin ware musu a fili yake: sai bayan zaɓen raba gardama na 1967 aka cire sashen tsarin mulkin da ya hana a lissafa su cikin yawan jama'ar ƙasar, kuma har yanzu sun fi yawa a ƙananan matakan aiki. Nasu ya haɗa da digiri na biyu, kuma ana iya yinsa a Jami'ar Charles Darwin da ke arewacin ƙasar. A ganinmu, abin koyi a nan shi ne ma'aikata ce ke tsaya wa ɗanta tun daga nema har dawowa.

Ke kuwa, ga inda za ki duba. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya: digiri na biyu na shekara ɗaya, ana son gogewar aiki ta shekara biyu (awa 2,800), ki zaɓi kwas uku, ki kuma amince za ki dawo gida na aƙalla shekara biyu. Gidauniyar Aig-Imoukhuede na tura ma'aikatan gwamnati Jami'ar Okusfod su karanci tsara manufofin gwamnati. Tallafin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya na son shekara uku a aikin raya ƙasa, kuma sai jami'a ta fara ba ki gurbi. Ita kanta Ostireliya tana da Australia Awards, wanda 'yan Najeriya da Gana ke nema.

Tambaya: Na samu gurbin karatu da tallafi, an ce in fara a watan Satumba, amma har yau ofis bai sake ni ba. Abokai na cewa in tafi kawai, takarda ta biyo ni. Me kuke gani? (Wani ma'aikaci daga Kaduna)

Amsa: Malam, kada ka kuskura. A ƙa'idojin aikin gwamnati, barin aiki ba izini babban laifi ne da ke iya kai mutum ga kora, ko da Okusfod ya tafi. Kada ka taka jirgi sai takardar hutun ƙaro karatu tana hannunka, da sa hannu da kwanan wata, an kuma fayyace ko da albashi ne ko babu.

Yawanci abu uku ke riƙe fayil. Ko ba a tabbatar da mutum a aiki ba tukuna, ko kwas ɗin bai haɗa hanya da aikinsa ba, ko kuma ya tsallake shugaban sashensa ya kai takarda sama kai tsaye, sai a dawo da ita a fara daga tushe. Ka duba wanne ne naka. Ka haɗa takardar gurbi, ta tallafi, ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa da ta ƙarin girma na ƙarshe. Ka bi ta hannun shugabanka zuwa sashen horaswa, a buga maka hatimin karɓa a jikin kwafinka, ka rubuta lambar fayil. Da wannan lambar za ka riƙa bin sawunsa ofis zuwa ofis.

Ka karanta yarjejeniyar da za ka sa wa hannu layi-layi: shekara nawa za ka yi aiki bayan dawowa, nawa za ka biya in ka saɓa, su wa za su tsaya maka. Masu tsaya makan nan su ake kamawa in ka ƙi dawowa, don haka ka gaya musu gaskiya tun farko.

In lokaci ya ƙure, ka rubuta wa jami'ar da masu tallafin yau ɗin nan ka tambayi ko za a iya jinkirta maka zuwa ranar ƙarshe ta rajista. Wasu masu tallafin ba sa ɗage wa mutum zuwa baɗi, sai dai ya sake nema daga farko. Ka nemi amsarsu a rubuce, ka liƙa ta a wasiƙar tuni zuwa ga babban sakatare domin ya ga ranar da gurbin zai suɓuce.