Motata tana hayaƙi tana shan baƙin mai: sai an sauke inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf 3 mai amfani da fetur, ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Wata uku ke nan tana fitar da hayaƙi ta salansa, musamman da safe idan na tayar da ita, da kuma idan na daɗe a cunkoson Kwangila sannan na taka totur. Kusan duk bayan mako biyu sai na ƙara lita ɗaya ta baƙin mai. Bakanikena ya ce ringi ne, ko a yi obahol ko in sayi injin Baljiyam. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya tukuna. Mai yiwuwa bakanikenka ya yi daidai, amma alamun da ka lissafa sun fi karkata ga wani abu mai sauƙin kuɗi, kuma gwajin da zai raba gardama bai kai awa ɗaya ba.

Fara da launin hayaƙin, domin ba ka faɗa ba. Baƙi na nufin fetur ya yi wa injin yawa, wannan maganar injekta ce ko matatar iska da ƙura ta toshe. Fari mai kauri wanda bai bajewa da wuri, ga ruwan lagireto yana raguwa, wannan gasket ɗin top ne, wato kan inji da ke rufe saman silinda. Farin tururi na safiyar hunturu da ke ɓacewa bayan minti biyar ba ciwo ba ne. Na baƙin mai kuwa shuɗi-shuɗi ne mai ɗan toka, yana da ƙauri. Tunda man naka na raguwa, shi muke zato, amma ka kwana da kwali a ƙarƙashin motar ka gani ko wani sashe na man yoyo yake yi.

Baƙin mai na shiga wurin ƙonewa ta ƙofa biyu ne galibi: ta sama ko ta ƙasa. Ta sama, akwai 'yan robobi a wuyan kowane bawul, su ake kira sil. Injinka mai bawul takwas ne in dai 1.6 ko 1.8 ne na gama-gari, don haka sil takwas. An ƙera Golf 3 daga 1991 zuwa 1997, ka ga robar da ta sha zafin shekara kusan talatin dole ta bushe ta yi tauri. Idan mota ta kwana, man da ke kan top sai ya riƙa ɗiga ta jikin bawul ya taru, da ka tayar sai ya ƙone lokaci ɗaya, hayaƙin ya tashi sannan ya lafa. Haka idan injin ya daɗe a silo, wato yana aiki mota na tsaye: totur a rufe yake, injin na zuƙa da ƙarfi, sai ya jawo mai ta waɗannan robobin. Kana taka totur sai gajimare a bayanka. Wannan shi ne abin da ka kwatanta a Kwangila.

Ta ƙasa kuwa ringi ne, zoben da ke jikin fistin yana toshe giɓin da ke tsakaninsa da bangon silinda, kuma halinsa daban. Shi hayaƙinsa na ƙaruwa ne idan injin na aiki da ƙarfi, da lodi ko a guje, kuma ba ya ɗaukewa. Ka hau hanyar Kano, wani ya biyo ka a baya yana kallo. Ka ɗauke ƙafa daga totur motar na cikin giya na ɗan lokaci, sannan ka taka. Idan hayaƙi ya yi tsartuwa sau ɗaya ya wuce, sil ne. Idan yana bin ka duk tsawon lokacin da kake takawa, ringi ne.

Akwai ƙofa ta uku da ake mantawa, wato bututun numfashin inji da ya taso daga murfin top zuwa hanyar iska. Idan ya toshe da dattin mai, iska na matsewa a cikin inji ta tura mai inda bai kamata ba. A cire shi a duba, a wanke ko a canja. Haka cika mai ya wuce layin sama na geji yana sa hayaƙi. Tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita ɗaya ce, a auna a shimfiɗaɗɗen wuri bayan an kashe inji da minti biyar.

Sai gwajin matsin silinda, wanda ake yi da agogon kwamfireshan. Inji ya ɗumama, a cire fulogi huɗun, a cire wayar koyil, a danne totur har ƙasa, a juya inji da makulli kamar daƙiƙa biyar a kowace silinda, a rubuta. Lafiyayyen inji irin wannan na ba da bar 10 zuwa 13 (bar shi ne ma'aunin matsi a jikin agogon). Silindar da ta faɗo wajen bar 7 ta gaji, kuma bambanci mai yawa tsakanin silinda da 'yar uwarta ya fi lambar kanta ba da labari. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. Lamba ta haura sosai, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. Ba ta motsa ba, bawul ne bai zama daidai. Biyu na kusa da juna sun faɗi tare, a zargi gasket. Ka dubi fulogin ma: wanda ya jiƙe da mai ko ya yi ɓawon toka ya nuna silindar da ke ƙona man. Sannan ka buɗe murfin zuba mai inji na aiki. Ɗan huci ba komai, amma in yana feso hayaƙi kamar tukunyar dambu, ringi ya tafi.

Abu ɗaya da gwajin ba ya kamawa: ringi na uku, mai share mai daga bangon silinda, yana iya maƙalewa saboda datti alhali matsi na nan lafiya. Wannan aikin jinkirta sabis ne da man kwalba na bakin titi da ba a san asalinsa ba.

Idan matsi ya yi kyau, a canja sil takwas ɗin. Ana iya yi ba tare da sauke top ba, a cire kamshaf, a riƙe bawul da iskar kwamfiresa ta ramin fulogi don kada ya faɗa ciki. Tunda sai an taɓa bel ɗin taimin, in ya tsufa a sa sabo. A girgiza kowane bawul a ji: in yana wasa a cikin hanyarsa, sabon sil ba zai daɗe ba, sai an sauke top an canja gaid, wato hanyar bawul ɗin.

Idan ringi ne, kada ka yarda a zura sababbi a silindar da ba a auna ba. Wadda ta cinye har raminta ya koma siffar ƙwai sai an kai wa masu boring sun faɗaɗa ramin an sa fistin mai girma, in ba haka ba bayan 'yan watanni hayaƙin zai dawo. A nan ne za ka kwatanta kuɗin obahol da na injin Baljiyam, shi ma ka nemi a auna matsinsa ko a ba ka kwanakin gwaji.

Kafin gyara, baƙin mai mai kauri 20W-50 na kamfani a rufaffiyar jarka zai ɗan rage shan man, amma ba magani ba ne. Ka riƙa duba geji kowace safiya, ka rubuta lambar kilomita duk ranar da ka ƙara mai. "Mako biyu" ba ma'auni ba ne. Lita ɗaya a kilomita 1,000 ta riga ta yi yawa, in kuwa ta kai lita a 500, kada ka yi doguwar tafiya ba jarkar mai a but.