Shin in saka iOS beta a wayata?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka saka iOS beta, wato sabuwar manhajar da ke tafiyar da iPhone wadda ake kan gwadawa, a iPhone ɗin da kake harkar kuɗi da ita. Shawarata, kada ka saka.

Kowace manhaja tana bin matakai kafin ta iso hannun jama'a. Alfa ta cikin gida ce, ma'aikatan kamfani ke gwada ta. Beta kuwa an buɗe wa masu son gwaji, amma da sauran gyara: batir ya riƙa zuba, waya ta ɗau zafi, manhajar banki ta ƙi buɗewa kana tsaye gaban mai POS. Sai RC, wato ta ƙarshen gwaji, wadda in ba a ga matsala ba ita za a saki. Apple kan fitar da beta ta jama'a a Yuli, cikakkiyar a Satumba.

Komawa baya ne babbar wahalar. Sai ka haɗa wayar da kwamfuta ka goge komai, kuma ajiyar da ka yi a kan beta ba za ta hau tsohon iOS ba.

In cikakkiyar ta fito, ajiye bayananka a iCloud (ma'ajiyar Apple ta intanet), jona caji, hau Wi-Fi, ka shiga Settings, General, Software Update. Kada ka kashe wayar sai ta gama.