Kawu, In Riƙa Fita Gudun Asuba da Ƙaramar Bindiga?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, ya iyali, ya ƙoƙari? Ni Bakatsiniya ce, shekarata biyar a Houston ta jihar Texas, aikin jinya nake yi. Tun da likita ya ce sukarina ya fara hawa na kama gudun sassarfa bayan sallar asuba, kamar minti 40, a bakin wani rafi da ya ratsa unguwarmu, domin in rana ta ɗaga zafin garin nan ba ya barin mutum ya motsa. Mako uku da suka wuce wata akori-kura ta riƙa bina a hankali, in na tsaya ta tsaya, har sai da na faɗa wani gidan mai. Tun ranar ban ƙara fita ba. Wata abokiyar aikina ta ɗaga rigarta ta nuna mini ƙaramar bindiga a ɗamara, ta ce da ita take gudu, kuma a Texas ba a neman lasisi. Maigida ya ce shi bai sa ba bai hana ba, amma in tuna muna da yara biyu, babban shekararsa shida. Kawu, na taɓa karantawa a wannan fili cewa ka zauna a ƙasar nan. In saya?

'Yarka, daga Houston

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da firgici, Allah ya ƙara tsarewa. Faɗawa gidan man nan da kika yi, inda akwai haske da mutane da kyamara, ko malamin harbi kika tambaya abin da zai ce ki yi ke nan.

Shawarata a taƙaice: kada ki saya yanzu. Ban ce har abada ba.

Abokiyar aikinki ta faɗi gaskiya, sai dai rabinta ta faɗa. Tun daga 1 ga Satumba 2021 dokar Texas ta yarda wanda ya kai shekara 21, in ba shi da wani laifin da ya hana shi, ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Amma a saman dokar jiha akwai ta tarayya, kuma ita ce ke kama baƙi irinmu. Ba ki gaya mini da wace takarda kike zaune ba. Idan kin zama 'yar ƙasa, ko kina da katin zama na dindindin, to kina iya saye. Idan kuwa biza ce ta wucin gadi, ta karatu ko ta aiki ko ta bin miji, dokar tarayya ta haramta miki riƙe bindiga ko harsashi, sai ta wasu 'yan ƙofofi kamar lasisin farauta, waɗanda ba zan so ki bi su ba sai da lauya a gefenki. Ki duba takardar maigidan ma, tunda ɗaki ɗaya bindigar za ta kwana da shi. Mutum ya sha wahalar shekara da shekaru yana gyara zamansa, kada ƙarfe mai rabin kilo ya jawo masa kurkuku da kora.

Akwai kuma wata doka da masu gudu ba su cika sani ba. Ta tarayya ce ita ma, ta hana shiga da bindiga cikin tazarar ƙafa 1,000 daga harabar makarantar firamare ko sakandare, wato kimanin mita 300, sai dai wanda jihar ta ba lasisi. To ki zauna ki zana hanyar gudunki a zuci. Makaranta nawa kike wucewa? A unguwannin Houston da wuya ki yi minti 40 kina gudu ba ki gifta ko ɗaya ba. Ke nan wancan “ba a neman lasisi” bai ishi mai gudu ba.

Ni na ɗauki bindigar nan, shi ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa. A Dallas na zauna. Na yi lasisi a 2012, lokacin darasin awa 10 zuwa 15 ne, kafin a rage shi zuwa awa 4 zuwa 6. Jarrabawar harbi harsashi 50 ce, daga yadi 3, da 7, da 15, kana tsaye ƙiƙam, ka huta, takardar da kake harbi kuma ba ta motsi. Na ci, na kai bindigar akwati na kulle, ta yi shekara uku ba ta ga rana ba. Sai a Oktoban 2015 wani saurayi ya sassare wani mai gudu da adda, da safe, a hanyar White Rock Creek, alhali bai ma san shi ba. A yankin nan nake gudu ni ma. Washegari na fito da ita.

Abin da ba a gaya maka a shagon bindiga shi ne yadda take zama a jikin mai gudu. A hannu ba ta da nauyi. A ƙugu kuwa, kowane taku sai ta yi tsalle ta dawo ta bugi ƙashin kwankwaso, kafin mako ya zagayo wurin ya saɓule. Na sayi ɗamara mai roba, ta hana ta rawa, ta kuma hana ni numfashi. Zufar Texas gishiri ce zalla, in ka yi kwana biyu ba ka goge ta da mai ba sai ka ga jan tsatsa ya fara fitowa. Sannan hannu ba ya zama: kowane minti biyu sai ka shafa ka ji tana nan, wanda duk mai lura ya ga haka ya san abin da ke ƙarƙashin rigar. Gudun da na fara don hawan jini ya sauka sai ya koma gadi.

Wata safiya a watan Disamba, duhu bai gama yayewa ba, sanyi har hayaƙi ke fita a baki, sai na ji taku a bayana, da sauri, ana kuma ƙwala kira. Ban tsaya jin abin da ake cewa ba. Ko kafin in gama juyawa hannuna ya riga ya shige cikin rigar sanyi ya damƙi mariƙin bindigar. Wani yaro ne, bai fi shekara 19 ba, yana haki, ya miƙo mini makullin motata. Faɗuwa ya yi daga aljihuna, shi kuma ya biyo ni da gudu kusan mita ɗari don ya ba ni. Na karɓa da hannun hagu, na daman yana ciki, na yi godiya da muryar da ban san tawa ce ba. Da ya tafi na nemi benci na zauna, gwiwoyina suna kaɗawa. Kin san me ya sa makullin ya faɗi? Da a 'yar jakar ƙugu nake sa shi mai zif, na cire jakar don bindiga ta sami wuri.

A kan bencin nan na yi lissafin da ya kamata in yi tun a shago. Da na zaro ta fa? Da shi ma yana da tasa, tunda Texas ce? Ko da ba a harba ba, 'yan sanda su zo su tarar da baƙar fata mai sunan Musulmi da bindiga a hannu, da yaro yana cewa makulli ya kawo masa. Wata bakwai bayan haka, a Yulin 2016, ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata mai suna Philando Castile a cikin motarsa a Minnesota. Yana da lasisi, shi da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da bindiga, kuma kotu ta wanke wanda ya harbe shi a 2017. Ke ga fata, ga hijabi. Dole wannan ya shiga lissafinki, ko da bai shiga na abokiyar aikinki ba.

Kada ki ɗauka na mai da ita wawiya. Tsoron mace mai gudu ita kaɗai yana da tushe: a Satumban 2022 an sace wata malamar makaranta a Memphis tana gudu da misalin ƙarfe huɗu na asuba, aka tura ta mota, daga baya gawarta aka samu. Ahmaud Arbery, wani baƙar fata ɗan shekara 25 da ya fita gudu, da akori-kura aka bi shi a Jojiya a Fabrairun 2020 aka kashe, sai da bidiyo ya fito bayan fiye da wata biyu sannan aka kama masu laifin. Akwai ranar da bindiga ce kaɗai za ta raba mace da wanda ya fi ta ƙarfi. Amma tana yi wa wadda ta ga abin tun daga nesa aiki ne, wadda hannunta ya saba. Wani ɗan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna tun 1983 cewa mutum mai wuƙa yana cinye tazarar ƙafa 21, mita shida da ɗoriya, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan ga wanda yake fuskantarsa ke nan. Ke kuwa kina haki, tafin hannu ya jiƙe, bindiga na ƙarƙashin doguwar riga da hijabi ya rufe. Na taɓa gwadawa a filin harbi: na yi tsalle-tsalle har numfashina ya ɗauke, na harba biyar daga yadi 7, biyu ne suka shiga inda na nufa. Sauran ukun, a unguwa, gidan wani za su nufa. Idan kuma aka rungumo ki ta baya, bindigar ta zama ta wanda ya fi ƙarfin hannu.

Sai maganar maigida, wadda ya faɗa a gajarce amma ta fi duka nauyi. Gudu minti 40 ne, sauran awa 23 da wani abu bindigar a gida take, tare da yaro ɗan shekara shida, shekarun buɗe durowa da hawa kujera a leƙa saman kwaba. Kin dawo a gajiye, kina saurin wanka ki shirya su makaranta ki kama aiki, ranar da za ki ajiye ta kan gado “na minti ɗaya” tana nan zuwa. A Texas laifi ne barin bindiga mai harsashi inda yaron da bai kai 17 ba zai kai gare ta, amma hukuncin kotu shi ne ƙarami a irin wannan. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin cewa cikin mutum fiye da 48,000 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su suka kashe kansu, galibi da abin da ke ajiye a gida.

To me za ki yi gobe da asuba? Domin zaman gidan nan ma ba zan yarda da shi ba, sukari ba ya jiran tsoro ya wuce. Ki sayi feshin barkono irin na masu gudu, mai madauri da ake zura hannu a ciki. Texas ta yarda da shi, yana tafinki tun kafin a buƙace shi, yana maganin kare, wanda shi ne abin da mai gudu ya fi haɗuwa da shi, kuma in kika fesa wa wanda ya kawo miki makulli, haƙuri za ki ba shi da ruwan wanke ido. Ki sayi biyu, ki ƙarar da ɗaya a bayan gida kina gwaji, ki ga nisan da yake kaiwa da yadda iska ke mai da shi. Ki cire abin sauraro daga kunne, ko da karatun Alƙur'ani ne, ki bari sai kin dawo. Ki bar bakin rafin nan tukuna, ki shiga mota ki tafi wurin shaƙatawa na Memorial Park, zagayen nan na mil uku tun duku-duku cike yake da masu gudu. Ki nemi mata biyu a masallaci ko wurin aiki, ba za a rasa masu sukari ko hawan jini ba, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ki riƙa sauya hanya da lokaci, waya kuma tana nuna wa maigida inda kike. Ki sa riga mai ƙyalli, domin motoci sun kashe masu tafiya a ƙasa fiye da 7,000 a ƙasar a 2022, mafi yawa cikin duhu. Kuma ki kai rahoton akori-kurar nan ga 'yan sanda ko da an yi mako uku, launinta, lokaci, da sunan titi. Mai yiwuwa ba ke kaɗai ta bi ba.

Idan bayan wata uku kina wannan zuciyarki ta ce har yanzu bindiga, kuma takardunku sun ba da dama, to ki bi ta doguwar hanya. Ki yi darasin lasisi tun kafin ki saya, ki ji a wane hali doka ta yarda a harbi mutum, domin bin ki da mota kaɗai bai kai ba, kuma nuna bindiga don tsoratarwa kansa yana iya zama laifi. Ki yi hayar iri-iri a filin harbi ki ga wadda ta zauna a hannunki. Akwatin ƙarfe mai lamba ya riga bindigar shiga gida. Kuben da za ki sa ta ya zama mai tauri wanda ya rufe kunamar ruf, kada ki taɓa jefa ta tsirara a aljihu ko jaka. Sannan ki riƙa zuwa atisaye duk wata, da kayan da kike gudu da su, har hijabin, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin duk wannan, ki tambayi kanki ke kaɗai a kan sallaya ko za ki iya ɗaukar rai ki ci gaba da barci. Ni amsar da na samu a kan bencin nan ce ta sa na mai da tawa akwati, na sayar da ita kafin in dawo gida.

Masu karatu na nan gida da za su ce su ma ƙwacen waya ya ishe su a titi: wannan duk zancen Texas ne. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinta, kuma wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

'Yata, ki gaishe da maigida, ki ce Kawu ya ce “ban sa ba ban hana ba” ba ta karɓu ba. Ya sayi takalmin gudu, ko ranar Asabar da Lahadi ne ya riƙa raka ki, yaran a bar su wurin maƙwabta. Ki rubuto mini bayan wata uku in ji inda sukarin ya tsaya.