Katin rigakafi na bogi, da sauran tambayoyinku

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Mahaifiyata tana da ciwon suga. An ce allurar korona tana daskarar da jini, na rasa yadda zan yi."

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, tsoronki yana da tushe. A 2021 an tabbatar cewa allurar AstraZeneca takan jawo gudan jini ga wasu mutane ƙalilan ƙwarai, har wasu ƙasashe suka daina yi wa matasa ita. Pfizer da Moderna kuma an ga kumburin tsokar zuciya jefi-jefi, galibi ga samari, kuma akasarinsu sun warke. Sai dai mai suga da tsoho su cutar korona ta fi kwantarwa. Ki kai Mama wurin likitanta ya duba ta. Bayan allurar ku zauna minti 15 kafin ku tafi. In kika ga ciwon kai mai tsanani, kumburin ƙafa ko numfashi sama-sama a makonnin farko, ku koma asibiti nan take.

Wani kuma ya ce wai akwai na'urar bin sawu a cikin ruwan allurar. Malam, wayar da ka turo saƙon nan da ita ta riga ta san inda ka kwana.

Na uku shi ne ya ɓata mini rai: "Wurin aikinmu sun ce sai da kati. Jikina nawa ne. Wani ya ce zai sayar mini da kati ba tare da allura ba. In saya?"

Kada ka saya. Jikinka naka ne, ban musa ba, kuma gardamar tilasta wa mutum allura tsohuwa ce. Tun 1905 ta kai gaban Kotun Ƙolin Amurka a kan rigakafin agana, kotun ta ba hukuma gaskiya, har yau ana ta ja. In ba ka so, ka fito fili ka ce ba ka so, ka kawo hujjarka, ka ɗauki abin da ya biyo baya. Amma kati na bogi ƙarya ce da ka biya kuɗi ka sayo. Abokin aikinka mai ciwon ƙoda zai zauna kusa da kai da sakin jiki saboda takardar nan. Shi ina nasa 'yancin?

Kuma masu sayar da katin 'yan gida ɗaya ne da masu sayar da ruwan allura na jabu. A watan Maris 2021 Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ta sanar da kama kusan allurai 2,400 na bogi a Afirka ta Kudu. Allurar Pfizer da farko a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili ake adana ta, to ta yaya wani zai zaro maka ita daga jaka ka yarda? Ga shi mai katin ya karɓi sunanka da ranar haihuwarka da lambar wayarka. Ran da asiri ya tonu, lambarsa a kashe za ka same ta, sunanka kuwa yana kan takarda.