Me ya sa lissafina ya nuna ƙarfe ya fi ruwa ɗaukar zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sakandare. A darasin kemistiri an ba mu wannan aikin: an ɗumama wani guntun ƙarfe mai nauyin giram 50 har ya kai 100°C, aka jefa shi cikin ruwa giram 100 da yake kan 20°C. Da aka jima, dukansu suka tsaya a 24°C. Aka ce mu nemo ƙarfin ɗaukar zafi na ƙarfen, mu kuma faɗi ko wane iri ne. Na bi ƙa'idar Q = mcΔT na samu 8.36, amma babu ƙarfe mai wannan adadi a teburin littafinmu. A ina na kauce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Na ji daɗi ƙwarai da kika koma kan teburi kika ƙi amincewa da amsarki, domin ɗalibai da yawa ja mata layi kawai za su yi su miƙa takarda.

A ƙa'idar nan, Q shi ne yawan zafin da ya shiga ko ya fita, ana auna shi da jul, m nauyin abu ne, ΔT kuwa canjin digiri. Harafin c, wato ƙarfin ɗaukar zafi, yana nufin yawan jul ɗin da za a zuba wa giram 1 na abu kafin zafinsa ya hau da digiri 1. Na ruwa 4.18 ne, na alminiyam 0.90, na baƙin ƙarfe 0.45, na jan ƙarfe 0.385, na dalma kuwa 0.13 kacal. Babu ƙarfen da ya kamo ƙafar ruwa a nan, don haka 8.36 ba za ta taɓa zama daidai ba.

Daga adadin da kika samu na gane inda matsalar take. Rabin farko kin yi shi daidai. Ruwa ya tashi daga 20 zuwa 24, wato digiri 4, zafin da ya sha shi ne 100 × 4.18 × 4 = jul 1672. Wannan zafin daga jikin ƙarfen ya fito, ba daga wani wuri ba, saboda haka ƙarfen ma jul 1672 ya rasa. Sai dai da kika zo kan ƙarfen, kin sake ɗauko digiri 4 ɗin ruwa kika ba shi, kika raba 1672 da 50 × 4. To ai ƙarfen ba daga 20 ya taso ba. Daga 100 ya sauko zuwa 24, digiri 76 ke nan. Yanzu raba 1672 da 50 × 76, wato 3800, za ki samu 0.44.

Abin da nake so ya zauna miki shi ne wannan: idan abu biyu suka yi musayar zafi, Q ɗinsu ɗaya ne, amma kowa da nasa m, da nasa c, da nasa ΔT. Zafin da ya gudana daban, digirin da ma'auni ya nuna daban. Masanin nan na Sikotilan, Joseph Black, shi ya fito da wannan bambanci fili a shekarun 1760, lokacin yana koyarwa a Gilasgo, kuma har yau a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ki duba da kanki: jul 1672 ɗin da suka sauke ƙarfe da digiri 76, su ne suka iya ɗaga ruwa da digiri 4 kawai. Ko ba a taɓa alƙalami ba, wannan ya isa ya nuna miki cewa c na ƙarfen ƙarami ne sosai.

Wasu malaman suna son a nuna alamar ragi. ΔT shi ne digirin ƙarshe a cire na farko, don haka na ƙarfen 24 − 100 = −76, Q ɗinsa kuma −1672 tunda asara ya yi. Wajen rabawa alamomin biyu za su kashe juna. Idan c ya fito miki da alamar ragi, to kin manta ɗaya daga cikinsu.

Wane ƙarfe ne? A teburin makaranta baƙin ƙarfe ne zai fi kusa, kuma ɗan giɓin da ke tsakanin 0.44 da 0.45 ba abin damuwa ba ne, domin a gwaji na zahiri kofi yana shan wani zafin, iska ma tana kwashe wani yayin da ake ɗauko ƙarfen. Amma ki sani nikel ma 0.44 ne. Ni da zan duba takardarki, ƙarin maki zan ba ki idan kika rubuta cewa c kaɗai ba zai raba su ba, sai an auna nauyin kowanne gwargwadon girmansa: santimita kubik 1 na baƙin ƙarfe giram 7.87 ne, na nikel 8.9.

Ki kuma kula da awo. Idan nauyi a kilogiram aka ba ki, c na ruwa 4180 ne, ba 4.18 ba. ΔT kuwa bai canzawa ko da da ma'aunin Kelbin aka auna maimakon °C. Sannan ƙa'idar nan ba ta aiki a lokacin da ƙanƙara ke narkewa ko ruwa ke tafasa, domin zafi yana shiga amma digiri yana tsaye. Idan tambaya ta gaba ta zo da ƙanƙara a 0°C, ki fara lissafa jul 334 na narkar da kowane giram, sannan ki dawo kan mcΔT.